Yadda Ake Kwatanta Jigo da Salo Tsakanin Ayyukan Adabi Biyu

Yawancin rubutun kwatance da ake miƙa wa malamai a nan yake tsayawa: littafin farko yana magana a kan soyayya, na biyu ma a kan soyayya, dukansu kuma sun yi amfani da karin magana da adon harshe. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ba a yi nazari ba tukuna, domin da za a ɗauko wasu littattafai biyu daban a liƙa musu wannan magana, za ta zauna daram. Aikin mai kwatance shi ne ya nuna yadda marubuta biyu suka ɗauki abu ɗaya, kowa ya bi da shi ta tasa hanyar, har abin da suka faɗa a kansa ya sha bamban. Salo shi ne hanyar, jigo shi ne inda ta kai su. Wanda ya raba su, ya yi wa jigo shafi biyu ya yi wa salo shafi biyu ba tare da sun haɗu ba, ya yanke jijiyar aikin tun daga farko.

Zaɓen abin da za a haɗa

Idan kai ne za ka zaɓa, nemi ayyuka biyu da suke da mahaɗa ɗaya mai ƙarfi da kuma bambanci ɗaya mai ƙarfi. Mahaɗar tana iya zama batu, kamar cin amana ko tsufa ko yaƙi. Tana iya zama siga, kamar waƙoƙin makoki biyu, ko zamani guda. Bambancin kuma yana iya zama na zamani, ko na nau'i, wato waƙa da zube, ko na matsayin marubuci a kan batun. In ayyukan sun yi kama ta ko'ina, za ka ƙare da maimaita magana ɗaya sau biyu. In kuma ba su haɗa komai ba, za ka yi ta ƙaƙaba musu dangantakar da babu ita.

Daga nan sai ka ƙulla tambaya ɗaya wadda duka ayyukan biyu za su iya amsawa, kowanne da tasa amsar. “Mene ne jigon waɗannan waƙoƙi?” ba ta isa ba. Wadda ta fi ita ce irin wannan: “Wace daraja kowace waƙa ta ba mai jiran wanda ya tafi, kuma da waɗanne dabaru ta ba shi ita?” Rubuta tambayar a saman takardarka. Duk abin da ka tsinto wanda bai taimaka wajen amsa ta ba, ko ya burge ka, ajiye shi gefe.

Karatu uku, kowanne da aikinsa

Karatun farko a yi shi ba tare da alƙalami ba, tiryan-tiryan daga farko zuwa ƙarshe. Da ka gama, rubuta layi biyu ko uku kan abin da ya tsaya maka a rai da wurin da ka ji jikinka ya yi sanyi ko ranka ya sosu. Wannan shi ne shaidar cewa wata dabara ta yi aiki a kanka, kuma nan gaba za ka koma ka gano ko wace ce. Waƙa kuwa dole a karanta ta da murya, ko a saurare ta idan ta baka ce, domin kari, wato ma'aunin tafiyar sauti, da amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, na kunne ne, ido ba ya kama su sosai.

A karatu na biyu ake bin jigo. Yi alama a duk wurin da wata kalma ko wani hoto ko wani yanayi ya sake dawowa, da wurin da tauraro ya yanke shawarar da ta juya labari, da mabuɗi da marufin aikin. Na uku na salo ne zalla: wa ke magana, da wa yake magana, yaya tsawon jimlolinsa, me aka fara kawowa, me aka ɓoye sai daga baya. Yi amfani da biro kala biyu, ɗaya na jigo ɗaya na salo, kuma kowace alama ka rubuta lambar shafi ko ta baiti a gefenta. Wuraren da kaloli biyun suka taru a layi ɗaya, nan ne hujjojinka mafi ƙarfi suke.

Ka gama karatun nan uku a kan aiki na farko kafin ka taɓa na biyu. Idan ka haɗa su tun da wuri, wanda ka fi so zai zama ma'auni, ɗayan kuma ka riƙa ganinsa a matsayin mai gazawa kawai.

Fitar da jigo

Soyayya, talauci, mulki, haƙuri, duk batutuwa ne. Jigo shi ne abin da aikin ya ce game da batun, saboda haka ba ya fita a kalma ɗaya, sai a cikakkiyar jimla mai aikatau. “Haƙuri” batu ne. “Haƙurin da aka tilasta wa mutum yakan rikiɗe ya zama ƙiyayya” jigo ne, domin ana iya gardama a kansa, ana iya kawo hujja daga matani a tabbatar ko a rushe shi.

Masu nazarin waƙar Hausa sun saba bin jigo hawa-hawa, kuma tsarin yana aiki ga zube da wasan kwaikwayo ma. Ana fara neman furucin jigo, wato layin da marubuci ya fito fili ya faɗi manufarsa, idan akwai. Sai jigo a gajarce, inda ake taƙaita abin da aikin ya ƙunsa a 'yan layuka. Sai warwarar jigo, inda ake bin aikin daki-daki ana nuna yadda manufar ta ginu, tare da ƙananan jigogin da suka tallafe ta. Abin lura a nan shi ne furucin jigo ba koyaushe yake zama gaskiyar aikin ba. Marubuci yana iya buɗewa da cewa zai yi gargaɗi ne a kan son duniya, amma ya kashe kashi uku cikin huɗu na baitocinsa yana zayyana daɗinta da kalmomi masu ɗaukar hankali. Wannan saɓani tsakanin abin da ya ce da abin da ya yi, shi kansa abin nazari ne mai daraja.

Gwada jimlar jigonka ta hanya biyu. Na farko, tana da aƙalla hujjoji uku daga wurare mabambanta, farko da tsakiya da ƙarshe? Idan duk hujjojin daga babi ɗaya suke, ƙaramin jigo ka kama. Na biyu, nemi wurin da ya fi saɓa mata a cikin aikin. In ba ta iya ɗaukar wannan wuri ba, gyara jimlar, kada ka ɓoye wurin.

Akwai tarko guda da ake yawan faɗawa: mayar da kowane jigo darasi. “Marubucin yana koya mana mu guji ƙarya.” Wasu ayyukan lallai wa'azi suke yi, kuma a nan faɗin haka daidai ne. Amma da yawa tambaya suke ajiyewa, ko su nuna abu biyu da ke karo da juna su bar mai karatu da su. Tilasta musu darasi yana danne rabin abin da ke cikinsu.

Salo a kusa: baitoci biyu

Ga baitoci biyu da aka tsara domin wannan bayani kawai, ba a ɗora su a kan wani kari na aruli, wato ilmin auna waƙa, ba. Batunsu ɗaya, jiran wanda ya tafi.

Na farko:

Na bar fitila tana ci a ƙofa,
Dare ya raba ban rufe ido ba,
Ko iska ta taɓa marfin ƙofa,
Sai in miƙe, in ce ko kai ne.

Na biyu:

Kogi ba ya tsayawa jiran kowa,
Ya ɗau ganye ya wuce da shi nesa,
Wanda ya tafi ya zama ruwan jiya,
Mai jira shi ke tsufa a gaɓa.

Fara da ƙirga, domin ƙirga tana hana mutum faɗin abin da yake zato kawai. A baitin farko mai magana ya ambaci kansa sau huɗu: “na”, “ban”, “in”, “in”. Wanda ake jira ya fito sau ɗaya, a kalmomin ƙarshe, “kai ne”. A baiti na biyu babu “ni” babu “kai” ko sau ɗaya, sai “kowa” da “wanda ya tafi” da “mai jira”, mutanen da ba su da fuska. Dubi aikatau kuma. Mai jiran baitin farko shi ke barin fitila, shi ke ƙin rufe ido, shi ke miƙewa, shi ke magana. A na biyu kogi ne ke da motsi, yana ɗauka yana wucewa, mai jira kuwa abu ɗaya aka ba shi, tsufa, wanda ba da son ransa yake yi ba.

Sai hoto. Baitin farko bai yi kamance ba, wato cewa abu kamar wani yake, bai kuma yi siffantawa ba, wato cewa abu shi ne wani kai tsaye. Fitila ce da ƙofa da iska, abubuwan da hannu zai iya taɓawa ko jiki ya ji, kuma duk a wuri ɗaya cikin dare ɗaya. Fitilar tana iya zama alamar bege, amma kafin ta zama alama fitila ce ta gaske da aka kunna don mai dawowa ya ga hanya. Baiti na biyu ya tsaya kacokan a kan adon harshe: an mutuntar da kogi, an ba shi halin ƙin jira, sannan an ce wanda ya tafi “ya zama ruwan jiya”, ba a ce “kamar ruwan jiya” ba. Cire “kamar” ya rufe ƙofar dawowa, domin abin da yake kama da ruwan jiya yana iya komowa, wanda ya zama shi kuwa ya tafi ke nan. Layin farko da na ƙarshe suna da zubin karin magana, hukunci ne da aka yanke a kan kowa.

Yanzu jigon ya fito daga cikin dabarun da kansu. A baitin farko jira aiki ne da mai ƙauna yake yi da hannunsa, kuma bege bai mutu ba tunda baitin ya ƙare a kan tambaya. A na biyu jira asara ce da lokaci ke jawo wa wanda ya tsaya. Batu ɗaya, jigo biyu, kuma an gano bambancin ne ta wakilin suna da aikatau da kalmar “kamar” da babu ita.

Ga wani wuri da ya kamata a taka a hankali. Layuka uku na baitin farko sun ƙare da wasalin “a”, na huɗu ya ƙare da “ne”. Mai gaggawa zai ce mawaƙin ya karya sauti da gangan domin “kai ne” ya yi fice. Yana iya yiwuwa. Amma a rubutacciyar waƙa mai baitoci da yawa, an saba ɗangogin farko, wato layukan farko na baiti, su ɗauki amsa-amon ciki, ɗangon ƙarshe ya ɗauki babban amsa-amo wanda ke tafiya cikin waƙar duka. In haka ne, sauyin sautin ƙa'idar siga ce, ba dabarar wannan baiti ba. Kafin ka ba kowace dabara ma'ana, tambayi kanka ko zaɓin marubuci ce ko kuwa siga ce ta wajabta masa. Waƙar sonet ta Turai layi 14 take da shi, haiku na Japan gaɓa 17 a tsarin 5, 7, 5, ƙwar biyar ɗango biyar. Ba a yaba wa mawaƙi don ya cika adadin da siga ta sa masa. Abin dubawa shi ne me ya yi a cikin wannan iyaka, da inda ya ƙetare ta.

Haka batun kari. Khalil bin Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, shi ya tsara ilmin aruli da karuruwa 15, aka ƙara na 16 daga baya, kuma rubutattun waƙoƙin Hausa da yawa a kan waɗannan ma'aunai ake auna su ta hanyar jeren gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gano sunan karin waƙa mataki ne na farko kawai. Idan waƙoƙin biyu kari ɗaya suka hau, ba ka da abin kwatantawa a nan sai yadda kowace ta sarrafa shi. Idan sun bambanta, rera ɗango ɗaya daga kowace ka ji wanda ke sauri da wanda ke jan ƙafa, sannan ka duba ko tafiyar ta dace da abin da ake faɗa. Duba gangara da saɓi-zarce ma, wato inda magana ta ƙi ƙarewa a ƙarshen ɗango ko baiti ta zarce cikin na gaba. Mawaƙin da ke rufe kowane ɗango da cikakkiyar magana yakan yi kama da mai yanke hukunci, wanda maganarsa ke malala kuwa yakan yi kama da mai tunani a fili ko wanda abu ya ci wa rai.

Idan ka ci karo da kamance, rarraba shi gida huɗu kamar yadda malaman balaga, wato ilmin fasahar magana, suke yi: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamancen, da fuskar kamar, wato abin da ya haɗa su biyun. Gida na huɗu shi ne wurin aiki. Mawaƙa biyu suna iya kamanta masoyi da wata, ɗaya don haskensa, ɗaya don nisansa da rashin tsayawarsa a kama ɗaya. Wanda ya rubuta “dukansu sun kamanta masoyi da wata” ya tsaya, ya ga kamannin ne kawai, ya bar bambancin. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya kafa nazarinsa a kan cewa kyan magana ba a kalma ɗaya tilo yake ba, yana cikin yadda aka jera kalmomi aka ƙulla su da juna. Gwajin da ke fitowa daga wannan ra'ayi mai sauƙi ne: sauya jerin kalmomin layin, ko ka musanya kalma ɗaya da 'yar'uwarta, ka ga abin da ya ɓace. Mayar da “Mai jira shi ke tsufa a gaɓa” ya koma “Mai jira yana tsufa a gaɓa”, nan take za ka ji an rasa nunin da “shi ke” yake yi, cewa asarar a kansa ta faɗa, ba a kan wanda ya tafi ba.

Idan zube ne

A ƙagaggen labari dabarun da suka fi juya jigo ba su cika zama a cikin jimla ɗaya ba, suna cikin gini. Masu nazari na Rasha a shekarun 1920 sun raba abu biyu: abubuwan da suka faru bisa jerin lokacinsu, da kuma jerin da marubuci ya zaɓa ya kawo su. Yi wannan a aikace. Rubuta manyan abubuwan da suka faru a kowane labari, kada su wuce takwas zuwa goma, ka ba su lamba bisa lokaci. Sannan ka sake jera lambobin bisa yadda suka zo a littafin.

A ce labarai biyu duk a kan cin amana suke: 1, mutum ya ba amininsa ajiyar dukiya; 2, ya yi tafiya mai nisa; 3, aminin ya shiga matsi ya cinye; 4, mai dukiya ya dawo. Labarin da ya bi 1, 2, 3, 4 yana sa mai karatu ya zauna da aminin cikin matsinsa kafin ya ga laifinsa, sai tausayi ya riga hukunci zuwa. Wanda ya fara da 4, mai dukiya tsaye a gaban akwatin da babu komai, sannan ya yi waiwaye, ya riga ya sa mai karatu a gefen wanda aka cuta, duk uzurin da zai zo daga baya da kunnen zargi za a saurare shi. Abubuwan da suka faru iri ɗaya ne, amma labari na farko yana cewa talauci na iya karya mutumin kirki, na biyu yana cewa amana ba ta da uzuri.

Manazarcin Faransa Gérard Genette, a 1972, ya ƙara ma'auni biyu a kan jeri: tsawo da maimaici. Tsawo shi ne yawan shafukan da aka ba wani lokaci. Ƙirga su. Idan an wuce shekara goma a sakin layi ɗaya amma an ba dare ɗaya shafi 12, zuciyar labarin tana cikin wannan dare, ko me marubucin ya ce a gabatarwa. Maimaici kuwa shi ne sau nawa aka ba da labarin abu ɗaya. Abin da ya faru sau ɗaya amma aka kawo shi sau uku daga bakin mutum uku, alama ce cewa labarin yana tuhumar ita kanta gaskiya, wa ke da ita.

Sai mai ba da labari. Tauraro ne ke cewa “na”, ko wata murya ce daga waje? Idan daga waje ce, zuciyar wa take shiga, ta wa take bari a rufe? Labarin amanar nan idan maci amanar ne ke ba da shi da bakinsa, dole ka auna kowace maganarsa, ka nemi wuraren da ayyukansa suka ƙaryata shi. Kuskure ne babba a ɗauki maganar mai ba da labari ko ta wani tauraro a ce ra'ayin marubuci ce. Rubuta “mai ba da labarin ya ce”, ka bar “marubucin yana ganin” sai inda ginin aikin gaba ɗaya ya goyi bayan haka.

Wajen taurari, kwatanta su ta aikin da suke yi a labari, ba ta kamannin waje ba. Kasancewar su biyun mata ne ko sarakuna ne bai isa mahaɗa ba. Duba abin da kowanne yake so, abin da ya tare masa hanya, abin da ya sadaukar, da yadda marubuci ya sallame shi a ƙarshe. A wasan kwaikwayo kuma ƙara da abin da zube ba shi da shi: umarnin dandali, shiga da fita, wanda ya fi kowa yawan magana, wanda ke tsaye a dandali bai ce uffan ba, da abin da 'yan kallo suka sani wanda tauraro bai sani ba.

Idan ɗaya daga cikin ayyukan fassara ce, kada ka gina hujja a kan sauti ko zaɓen kalma ɗaya, domin waɗannan na mai fassara ne. Tsaya a kan gini da hoto da jerin labari, waɗanda suka fi tsira idan an sauya harshe, kuma ka faɗa a rubutunka cewa da fassara ka yi aiki.

Daga tsince-tsince zuwa rubutu

Ja jadawali mai gida huɗu a kwance: ma'aunin kwatance, aiki na farko, aiki na biyu, da gidan ƙarshe mai taken “sai me?”. A tsaye ka sa ma'aunai biyar ko shida, kamar murya, hoto, jeri, ƙarshe. Gida na biyu da na uku hujja ce da lambar shafi. A gida na huɗu ka rubuta jimla ɗaya kan abin da kamar ko bambancin ya haifar ga jigo. Duk layin da ka kasa cika gidansa na huɗu, soke shi. Daga abin da ya rage zaɓi uku mafi ƙarfi, ko huɗu in rubutun mai tsawo ne.

Tsari iri biyu ne. Ko ka gama da aiki na farko gaba ɗaya sannan ka shiga na biyu, ko ka ɗauki ma'auni ɗaya-ɗaya kana kawo ayyukan biyu a ƙarƙashin kowanne. Na farko yana da sauƙi, kuma ya dace da gajerun waƙoƙi ko amsar da ba ta wuce shafi biyu ba, amma yakan haifi rubutu biyu da aka manna da juna. In za ka bi shi, kowane sakin layi na kashi na biyu ya waiwayi na farko. Tsari na biyu ya fi dacewa da dogon nazari domin yana tilasta kwatance a kowane mataki, illarsa ita ce yakan daddatsa ayyukan har mai karatu ya kasa ganin kowanne a dunƙule. Maganin wannan shi ne gajeren taƙaitawa na kowane aiki tun a farko, layi uku zuwa huɗu, ba fiye ba.

A rubutu mai kalma 1,500, gabatarwa ta ɗauki kamar 150, ta ƙare da matsayarka a jimla ɗaya mai ambaton ayyukan biyu da bambancinsu da dabarar da ta haifar da shi. Ma'aunai uku su ɗauki kamar 400 kowanne, ragowar 150 na kammalawa. Idan ka ga ba da labarin abin da ya faru ya haura kashi ɗaya cikin goma na rubutun, ka koma mai ba da labari, ka bar nazari. A ɗakin jarrabawa kuma, in an ba ka minti 45, ba jadawali da matsaya minti 10, rubutu minti 30, dubawa minti 5.

Kowane sakin layi na tsakiya ya ƙunshi magana ɗaya da kake son tabbatarwa, gajeren ɗauko daga aiki na farko da bayanin yadda yake aiki, ɗauko daga na biyu da nasa bayanin, sai abin da haɗa su ya nuna. Ga yadda zai kasance da baitocin nan:

“Baitocin biyu sun bambanta a kan wanda ke riƙe da motsi. A na farko mai jira ne ke aiki: ‘na bar fitila’, ‘sai in miƙe’, don haka jiransa zaɓi ne da yake sabuntawa duk lokacin da iska ta taɓa ƙofa. A na biyu an karɓe motsin an ba kogi, wanda ‘ya ɗau ganye ya wuce’, aka bar mai jira da ‘tsufa’ kaɗai. Abin da baitin farko ya ɗauka a matsayin riƙon alkawari, na biyu ya mayar da shi tsayuwar wanda lokaci ya wuce ya bari.”

Lura da cewa ɗaukon gajeru ne, kalma ɗaya zuwa biyar, an saƙa su cikin jimla. Dogon ɗauko da aka ajiye ba bayani yana cin wuri ne kawai. Ƙa'ida mai amfani ita ce bayani ya ninka ɗauko aƙalla sau biyu a tsawo. Lura kuma ba a ce “wannan ya ƙara wa waƙar armashi” ko “ya jawo hankalin mai karatu” ba. Irin waɗannan kalamai sun dace da kowace dabara a kowace waƙa, shi ya sa ba sa bayyana komai. Faɗi takamaiman abin da dabarar ta sa mai karatu ya gani ko ya ji ko ya yi zato.

Tarihin marubuci da zamaninsa suna da wuri, amma sai inda suka buɗe wani abu a cikin matani. Idan sanin cewa an rubuta aikin a lokacin yaƙi ko a ƙarƙashin takunkumin hukuma ya bayyana dalilin da ya sa aka fake da dabbobi ko da habaici, kawo shi a jimla ɗaya ko biyu a daidai wurin. Shafi guda na tarihin haihuwa da makarantun da marubuci ya yi ba ya amsa tambayar da ka rubuta a saman takarda.

Hukuncin wanne ya fi kyau ba dole ba ne sai an nema. In za ka yanke, faɗi ma'aunin da ka yi amfani da shi, kuma ka auna kowane aiki da abin da ya nufa yi. Waƙar wa'azi da ta fito fili da saƙonta ba ta gaza ba don ba ta yi lulluɓi irin na waƙar alamtarwa ba.

Da ka gama daftarin farko, ɗauki biro biyun nan ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka ambaci aiki na farko da kala ɗaya, na biyu da ɗaya kalar. Idan kala ɗaya ta haura kashi 60 cikin 100, ɗayan aikin ya zama ɗan rakiya, koma jadawali ka ƙaro masa hujja. Idan ka sami sakin layi biyu a jere da kala ɗaya kawai a tsarin ma'auni-ma'auni, kwatancen ya tsinke a nan. Daga ƙarshe ka buɗe littattafan ka duba kowane ɗauko harafi-harafi da lambar shafinsa, musamman a waƙa, inda sauya “ke” da “na” ko tsallake “ba” guda ɗaya yake iya juya ma'anar ɗango gaba ɗaya.